Kyamara a bakin bindigar ɗan sanda: Wa zai riƙe hoton?

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a zaman matasa 'yan uwa na Maigatari, Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar, wanda aka yi a garin Maigatari. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzonsa (S), 'yan uwa, abin da aka nemi in yi magana a kai shi ne kyamarar nan da wasu rundunonin 'yan sanda a Amurka suke ɗaurawa a jikin bindiga, da kuma ko 'yan sandanmu na nan suna bukatar irinta.

To, bari mu san abin tukuna. 'Yar ƙaramar kyamara ce da ake maƙalawa a ƙarƙashin bakin ƙaramar bindiga, wato fistol. Wani kamfani mai suna Viridian a jihar Minesota yana ƙera ta. Muddin bindigar tana cikin kubenta a ƙugu, kyamarar a kashe take. Da ɗan sanda ya zaro, sai ta kama ɗaukar hoto da murya da kanta, ba sai ya danna komai ba. Hujjar masu ita kuwa ita ce, idan ɗan sanda ya miƙa hannu biyu zai yi harbi, hannayensa sukan tare kyamarar da ke ƙirjinsa, alhali wannan duk inda bakin bindiga ya dosa nan take kallo.

Ba na raina wannan dabara, don mun san ciwon da ake so a magance. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, ƙungiyar Amnesty ta ce 'yan sanda sun kashe aƙalla mutum 24 a jihohi shida, har da Jigawarmu. Rundunar 'yan sanda ta fito ta ƙaryata. To wa za ka gaskata? Uwa ta san ta binne ɗanta, hukuma ta ce ba ita ba ce, shi ke nan magana ta tsaya cik. A irin wannan wuri hoto shaida ne wanda ba a tsorata shi, ba a kuma sayensa da goro.

Amma mu dubi namu halin. Duk wanda ya bi hanyar nan daga Maigatari zuwa Gumel ya miƙe Kano ranar Alhamis, ranar kasuwa, ya san shingayen da ke kai. Wace bindiga kuke gani a shinge? AK-47 ce, a hannu ko a rataye a kafaɗa, tun safe har dare. Ba ta da kube balle a ce an zaro ta. Ka ga ke nan hikimar na'urar ba don irin bindigoginmu aka yi ta ba. Sannan abin da ke samun direban motar shanu ko ɗan acaɓa a shinge, na zagi da mari da "kawo na goro", yawanci yana faruwa ne bakin bindiga na kallon ƙasa. Abin da kyamarar za ta ɗauko shi ne kwalta da takalmi.

Ko a can Amurkan ma, George Floyd da aka kashe a birnin Miniyafolis a watan Mayun 2020, a jihar da ake ƙera wannan kyamarar, ba harbinsa aka yi ba. Gwiwa ɗan sanda ya danna masa a wuya fiye da minti tara. Sanarwar farko ta 'yan sanda cewa ta yi rashin lafiya ce ta taso masa. Wata yarinya 'yar shekara 17 ce ta ɗauka da wayarta, duniya ta gani, aka ɗaure ɗan sandan a 2021.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A ce an ɗauki hoton, wa zai ajiye shi? A birnin Shikago, a watan Oktoban 2014, wani ɗan sanda ya ɗirka wa wani yaro ɗan shekara 17, Laquan McDonald, harsashi 16. Suka ce da wuƙa ya yo kansu. Kyamarar motar 'yan sanda ta ɗauki komai, kuma ta nuna yaron nisantarsu yake yi. Wata 13 hukuma tana riƙe da faifan, sai da alƙali ya tilasta aka fito da shi a Nuwamban 2015, sannan aka kama ɗan sandan da laifin kisa a 2018. Wato da kyamarar da hoton duk suna nan, amma a hannun waɗanda ake zargi. An ba kura ajiyar nama. Haka wani bincike da aka yi a birnin Washinton kan 'yan sanda fiye da 2,000, wanda ya fito a 2017, bai ga wani bambancin kirki ba tsakanin halin masu kyamara a ƙirji da marasa ita. Mutum ba hoto yake tsoro ba, hukuncin da zai biyo bayan hoton yake tsoro.

Mu dawo gida. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a iya ba da bayanin inda suke ba, a ciki 88,078 AK-47 ne. Ko da a ce alƙaluman na da gyara, ina tambayarku 'yan uwa, ma'ajiyar da bindiga sukutum ke ɓata a cikinta, ɗan katin da hoto ke ciki ne zai kwana lafiya? Ban ma kawo zancen wutar da za a yi cajin batir a ofishin 'yan sandan ƙauye ba, kun fi ni sanin wannan.

Ku dubi kuma shari'ar Bolanle Raheem, lauyar da wani ɗan sanda ya harbe a Legas ranar 25 ga Disamban 2022. A Oktoban 2023 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Ba hoton bakin bindiga ne ya kama shi ba. Abokan aikinsa ne suka ba da shaida, aka kuma ƙirga harsashin da aka ba shi aka tarar biyu sun yi ƙasa. Littafi da biro da mai amana, sun yi aikin.

Saboda haka ni a ganina wannan kyamara ba ita ce bukatar farko ba. A fara da littafin ma'ajiyar makamai, wa ya ɗauki wace bindiga, harsashi nawa ya fita da su, nawa ya dawo da su. In akwai kuɗin kyamara, a kai ta ɗakin da ake yi wa wanda aka kama tambayoyi, don dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta riga ta yi maganar ɗaukar bidiyon mai amsa laifi, kuma a wannan ɗakin ne ake karya mutane ba mai gani. Bayan nan a sa ta ƙirji, wadda take ganin abu tun daga farkonsa. Hoton kuma ya riƙa zuwa hannun kotu ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, iyalan wanda aka harba su sami ikon gani.

Kafin a kai can, ku matasa, in abu ya faru a gabanku, kada wanda ya yi sa-in-sa da mai bindiga a hannu. Ka riƙe sunan da ke ƙirjinsa, da lambar motar, da wuri da lokaci, ka rubuta tun a ranar. In ka ɗauka da waya, daga nesa, ka tura wa wani amintacce nan take, kada ka yanke kada ka ƙara. In an kira ka shaida ka je ka faɗi iya abin da idonka ya gani, ko da ya wanke ɗan sandan ne.

Nan zan tsaya, mai tambaya ya matso.