Tashoshin Jiragen Ruwa da Manomin Arewacin Kano



Mai yiwuwa ne wani ya ce me ya haɗa manomin Bichi ko Ɗambatta da teku, alhali kuwa tsakaninsa da Ikko ya fi kilomita 1,000. Amsar tana kasuwar Dawanau, inda ake tara riɗi da zoɓo domin kaiwa ƙasashen waje. Duk kwanan da kayan nan suka ƙara a bakin ruwa, ɗan kasuwa yakan zabge hasararsa daga kuɗin da zai biya manomi. Haka abin yake tun daga 1912, lokacin da jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗar Kano zuwa Ikko.

Da abubuwa uku ake auna ƙwazon tasha, watau zurfin ruwanta, da kwanakin da jirgi ke jira kafin a sauke shi, da kuma hanyar fitar kaya zuwa cikin ƙasa.

A kan jira, Apapa ta ba mu darasi a 1975, sa'ad da jiragen siminti fiye da 400 suka yi cincirindo, waɗansu har watanni. Wannan cunkoso ne ya sa aka gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977.

A kan zurfi kuwa, Lome ta ƙasar Togo tana da fiye da mita 16, saboda haka manyan jirage suka karkata gare ta, har ta zarce Ikko wajen yawan kwantena a 2017. Nijeriya ta mayar da martani da tashar Lekki a 2023, mai zurfin mita 16.5.

Kwatano ita ce ta daɗe tana ciyar da kasuwar Maraɗi, amma rufe iyakar Nijar da Binin a 2023 ya nuna cewa tasha, kome kyawunta, ba ta da amfani in hanyarta ta toshe.

Wannan ma'auni na uku shi ya fi shafar mu. An buɗe tashar tudu ta Dala a Kano a 2023, domin a kammala aikin kwastan a gida. Sai dai amfaninta ya rataya ne ga jirgin ƙasa mai zuwa kan lokaci. Saboda haka ina roƙon ma'aikatanmu, in za su auna tasha, su ƙirga kwanaki tun daga Dawanau har cikin jirgi.