Kakar bana a Sinja da Mai Wurno: hanya ta buɗe, saura takarda

Jawabin magatakardan ƙungiya a taron zagayowar ranar kafa ta, tsakiyar Disamba 2024

 



A al'ada, abin da magatakarda yake karantawa a rana irin ta yau lissafi ne: nawa aka tara, nawa aka kashe, wa ake bi kuɗin wata. Bana shugaba ya ce in ajiye wannan sai zaman kwamiti, in faɗa muku halin da gari yake ciki, musamman saboda 'yan uwanmu da suka kwashe watanni a Gadarif da Matama, da waɗanda za su karanta wannan a Anjamaina ko Maiduguri ko Kano. Ni yaro ne a gabanku, inda na kuskure a gyara mini.

Don na nesa su gane, abin da Larabawan nan suke kira harif shi ne damina, daga Yuni zuwa Oktoba. Bayansa sai darat, wato kaka, lokacin yankan riɗi, sannan dawa ta biyo baya. Shekarar ɗan kasuwar jihar Sinnar kaf a kan waɗannan watanni take rataye. To bana harif a guje ya same mu.

A ƙarshen Yuni dakarun Da'amus Sari', waɗanda rediyo ke kira RSF, suka kama Jabal Moya, mahaɗar hanyar Sinnar da Rabak. Ranar 29 ga wata suka shiga Sinja, babban birnin jiha. Ina cikin waɗanda suka tsallaka gadar Sinja suka nufi Dindir, ruwa yana dukanmu. Ban fita da komai ba sai littafin rajistar ƙungiya, na naɗe shi a leda na cusa cikin riga. Ga shi nan a kan tebur, bangonsa ya kumbura amma ana karantawa. Akwai sunayen da na ja wa layi a cikinsa tun daga lokacin, liman zai yi musu addu'a bayan na zauna. Ba a daɗe ba Dindir ɗin ma ta faɗi, sai muka ƙara gaba.

Waɗanda suka zauna a Sinnar da Mai Wurno su suka san abin da ake nufi da a toshe wa gari hanya. Gishiri da sabulu da man mota suka zama abin nema. Ranar 8 ga Satumba aka harba manyan bindigogi kan kasuwar Sinnar, fiye da mutum ashirin suka rasu. A farkon watan nan kuma aka rufe mashigar Gallabat saboda faɗan mayaƙan Fano da sojan Habasha a Matama, kayan mutanenmu suka yi makonni a can, albasar wasu ta ruɓe a kan mota.

Sauƙi ya fara zuwa ranar 5 ga Oktoba da soja suka karɓe Jabal Moya. Kafin watan ya ƙare sun karɓe Dindir da Suki, ranar 23 ga Nuwamba kuma suka shiga Sinja. Amma kada a ɗauka komai ya ƙare. Wad Madani tun Disambar bara tana hannun waɗancan. Kun ji abin da aka yi wa ƙauyukan gabashin Jazira a ƙarshen Oktoba, su Tambul da Siriha da Hilaliya. 'Yan uwanmu na ƙauyukan Jazira, waɗanda iyayensu suka tsufa cikin tsinkar auduga, da yawa yau a makarantun Gadarif suke kwana. Dali da Mazmum, inda manyan gonakin riɗi suke, har yanzu ba wurin aika mota ba ne. Wanda ya ce muku yana da riɗi mai araha daga can, ku tambaye shi na wa ne. Ƙungiya ba za ta tsaya wa mai sayen kayan ganima ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Babban Bankin Sudan ya fito da sabuwar takardar jine 1000, an kuma fara karɓar tsofaffin takardun 500 da 1000 ranar 10 ga wannan wata, a jihohin da ke hannun gwamnati, har da Sinnar da Nilul Azraƙ da Gadarif. Jazira da Khartum ba sa ciki tukuna. Wa'adin da aka sanar 23 ga wata ne. Ana raɗe-raɗin za a ƙara, amma kada kowa ya kwanta a kan raɗe-raɗi. Kuma ba canjin hannu da hannu ba ne kamar yadda wasu suke zato. Sai ka zuba kuɗinka cikin asusu a banki, sannan a riƙa ba ka sabo kaɗan-kaɗan, don an ƙayyade abin da mutum zai cira a rana. Sauran sai dai ka tura ta waya, ta Bankak ko makamancinsa.

Iyayena, mun san kanmu. Bafatake ba ya son banki, kuɗinsa a ɗamara suke, ko a gwangwani a ƙarƙashin gado. Wani babanmu a wannan ƙungiya, ba zan faɗi sunansa ba, ya binne kuɗin riɗinsa na bara a tsakar gida kafin ya gudu. Ya koma makon jiya ya tone, Allah ya tsare, suna nan. Ya zo wurina yana murna, na ce Baba, kana da asusu? Ya ce a'a. Kana da raƙam waɗani? Ya ce a Mai Wurno aka yanke masa cibiya, ubansa ma haka, wa zai tambaye shi lamba? Na ce banki zai tambaye ka. In wa'adi ya cika bai yi komai ba, abin da ya tsira daga ɓarayi zai zama takardar ƙunshe gyaɗa a hannunsa.

Ban ga laifinsa ba, don tsoron ofis da muke yi yana da tushe. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya taho gabas da jama'ar da ta rage, suka zauna a bakin wannan kogi wajen 1906. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hannun kakanninmu yana cikin aikin. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 cewa ta yi sai zuriyarka tana nan tun kafin 1898. Ku duba, garin da aka kafa a 1906 ya faɗa bayan layi ke nan. Shi ya sa iyayenmu suka sha tambayoyi da kawo shaidu, har suka gaji suka daina zuwa. Dokar 1994 ta dawo da layin zuwa 1 ga Janairu 1956. Wanda ubansa ko kakansa yake zaune a Sudan tun kafin wannan rana, hakkinsa ne, ba alfarma ake masa ba. Lambar ɗan ƙasa kuwa tun 2011 ake ba da ita, ga shi har yau a cikin littafin nan akwai shafukan da gurbin lambar yake fari fat.

Ba banki kaɗai ba ne. Lokacin da Sinja ta faɗi, gwamnatin jiha a Sinnar ta koma da zama. Yanzu ofisoshi sun fara komawa, da yawa kuma sun tarar da fayilolinsu a watse. Ofishin da ya rasa littafinsa, sabo zai buɗe: na rumfunan kasuwa, na filaye, na waɗanda suka dawo, na masu karɓar taimako. Wanda ba ya nan ranar rubutu, gobe sai a ce rumfar ba tasa ba ce. Don haka ina roƙon duk mai rumfa ko sito a Sinja ya je mahalliyya da kansa, da duk tsohon rasidin da ya rage masa, ko da ruwa ya ɓata shi. Kwamitocin unguwa da ake sake kafawa kuma mu shiga, kada mu ce aikin masu zaman banza ne.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan, ba wanda ya manta da Yulin 2022 a Rusairis da Ganis, da Oktoba a Wad al-Mahi. Rigima ce a kan ƙasa da kujerar Hausawa a sarautun gargajiya, ta ci ɗaruruwan rayuka, ta kori dubbai zuwa Sinnar da Rabak. Ba na so in tayar da tsohon miki, kuma a kasuwa da mutanen nan muke ci muke sha, wasunsu sun ɓoye namu a gidajensu. Amma abin da na lura da shi, duk wurin da ake yanke magana a kanmu, sai a tarar ba mu a ɗakin, muna kan hanya da kaya.

Maganar haraji a taƙaice. Da hanya ta buɗe, masu igiya da ganga sun yawaita. Kuɗin kasuwar amfanin gona da zakka da na mahalliyya mu biya, amma a karɓi rasidi, rasidin gwamnati kuwa Urnik 15 ne. Abin da aka karɓa ba tare da shi ba, kada direba ya tsaya gardama da mai bindiga. Ya biya ya wuce, ya riƙe wuri da rana da adadi, ya kawo mini. In sun taru shugaba zai kai su gaba da sunan ƙungiya, ba da sunan mutum ɗaya ba.

Kwalara da aka sanar a watan Agusta ba ta tafi ba, masu komawa gida kada su sha ruwan rijiyar da aka bari wata biyar sai an sa mata magani. A hana yara taɓa kowane ƙarfe da suka tsinta a gona ko a kango. Iyaye mata da suka riƙe takaya, suka dafa wa unguwa balila da adas da kuɗin da 'yan uwa na Saudiyya suke turowa, Allah ya saka muku, buhunan dawar da aka yi alkawari za su iso gare ku. Jarrabawar shahada ta sakandare da yaƙi ya hana a 2023 kuma an sa ta ranar 28 ga wannan wata. Direban da ya ga ɗalibi a hanyar zuwa cibiyar jarrabawa ya ɗauke shi, ƙungiya za ta biya.

Daga gobe ina ofis tun bayan sallar asuba har la'asar. Mai tsohon kuɗi da ba shi da asusu ya fara zuwa, a zo da shaidar haihuwa ko tsohuwar jinsiyya, ko takardar uba in ita ce ta rage. Dattawan da ba sa iya tsayuwar layi, mun ware samari da za su raka su. Na Matama da Kurmuk a buga musu waya yau, kada a bari sai gobe.