Ƙauyukan Tudu na Ƙasar Maigatari: Halin Zama da Abin da Ake Iya Hangowa

Gabatarwa

Wannan takarda ta duƙufa ne a kan ƙauyukan da ke nesa da kwalta a ƙananan hukumomin Maigatari da Sule Tankarkar da Gagarawa da Gumel, waɗanda su huɗun ne suka haɗu suka zama ƙasar masarautar Gumel a arewacin jihar Jigawa. Abin da ake nufi da ƙauyen tudu a nan shi ne ƙauyen da ba shi da kogi ko fadama, wato ƙasa mai riƙe danshi bayan ɗaukewar ruwa, wanda saboda haka abincinsa ya rataya a kan damina ta wata uku zuwa huɗu, ruwan shansa kuma a kan rijiya. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne cewa waɗannan ƙauyuka suna samar da kayan da ake nema har a wasu nahiyoyi, amma talauci bai sake su ba, domin magidancinsu ba ya da halin riƙe abin da ya noma ko ya kiwata har zuwa lokacin da zai yi daraja.

Ƙasar da mutanenta

Mangawa ne suka kafa masarautar Gumel a tsakiyar ƙarni na 18, ta kuma zauna a ƙarƙashin inuwar Barno ba tare da ta shiga daular Usmaniyya ba, kuma kafin a mayar da fadarta garin Gumel a 1845 ta yi zamani a Tumbi, wadda a yau take cikin Jamhuriyar Nijar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta ratsa ta tsakiyar dangi ɗaya ne, kuma har yanzu auratayya da zumunci da cinikayya tsakanin mutanen Maigatari da na Dungas da Magarya a jihar Damagaram ba su yanke ba. Ana kallon yankin daga Dutse ko Abuja a matsayin ƙarshen ƙasa, alhali mazauninsa yana ganin kansa ne a tsakiyar hanyar da ta haɗa Kano da Damagaram.

Ƙasar rairayi ce mai saurin shanye ruwa da saurin gajiya, ruwan saman da take samu a shekara bai cika wuce milimita 600 ba, kuma rarrabuwarsa a cikin damina ta fi yawansa muhimmanci ga manomi, domin tsayawar ruwa ta mako biyu ko uku a lokacin da gero ke fitar da kai tana iya lalata aikin shekara. Dattawa ba su manta da farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 ba, haka nan cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, wadda ta karya cinikin da ya riƙe tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa a kan layin Kano zuwa Nguru. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Maigatari kusan mutum 180,000, kuma tun daga lokacin gonaki suna ta ƙanƙancewa ta hanyar rabon gado, har hutun gona, wato barinta saura ta shekara biyu ko uku don ta farfaɗo, ya kusa zama labari. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya sanya kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa a ƙasa da mizanin talauci, a lokacin da matsakaicin Nijeriya yake kashi 40, amma adadi na jiha baki ɗaya yana haɗa mai noman shinkafa a kwarin Haɗeja da mai noman gero a tudu, alhali halinsu ba ɗaya ba ne.

Shekarar magidanci

Wanda yake son fahimtar talaucin ƙauyen tudu sai ya bi shekarar magidanci wata bayan wata. Gero da dawa da wake su ne abincin gida, riɗi da zoɓo kuma su ne na kuɗi. Riɗin wannan yanki yana tafiya ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya, zoɓon kuma babbar kasuwarsa Meziko ce, inda ake jiƙa shi a sha kamar yadda ake yi a ƙasar Hausa. Aikin da ke cikinsu duk na hannu ne. Ana yanke riɗi tun bai gama bushewa ba, a ɗaure shi ƙananan dammuna, a jingina su a tsaye a cikin gona har kwansonsa ya buɗe, sannan a kifa kowane dami a kan tabarma ko leda a kakkaɓe, kuma jinkirin 'yan kwanaki ko iska mai ƙarfi na iya zubar da rabin amfanin a cikin rairayi inda ba ya tsintuwa. Zoɓo kuwa mata da yara ne ke zama su raba jan ɓawon da ƙwallon irin ɗaya bayan ɗaya, ƙaiƙayinsa yana cin yatsunsu, sannan a shanya shi a kan tabarmi ko a ƙasa, inda ƙura da tsakuwa ke shiga, abin da mai saye zai kafa hujja da shi gobe ya karya farashi.

Matsalar tana bayyana ne da kaka. A wannan lokaci ne duk bukatu ke haɗuwa a kan mutum ɗaya: bashin takin zamani da na abincin da aka ci da damina, wanda akasari an ƙulla shi ne a kan za a biya da amfanin gona, ga aurar da 'ya'ya da aka ɗage har kaka, ga suturar iyali, ga guzurin mai tafiya cin rani. Saboda haka kowa yana kai kayansa kasuwa a mako ɗaya da maƙwabcinsa, farashi yana faɗuwa, 'yan kasuwa masu jari da ɗakunan ajiya suna saye da tiya suna tarawa da buhu. Idan bazara ta yi, rumbu ya yi ƙasa, sai magidancin ya koma kasuwar da ya sayar da geronsa ya sayo shi da tsada, sau da yawa da kuɗin akuya ko tunkiyar matarsa. Ba a rasa mai ɗora laifin a kan rashin tattali, amma wannan hukunci ne na wanda albashi ke zuwa masa kowane wata. Mutumin da kuɗi ke shigo masa sau ɗaya a shekara, kuma babu mai ba shi rance sai da riba mai nauyi, ba shi da wata hanya face ya sayar a lokacin da aka matsa masa.

Cin rani, wato tafiyar maza zuwa birane neman kuɗi bayan girbi, shi ne ke cike giɓin. Matasa suna tafiya Kano da Abuja da Legas da Fatakwal, suna ga-ruwa da acaɓa da dako da gadi, su dawo gab da shuka. Kuɗin da suke aikowa ta wayar hannu ne ke ciyar da gidaje da dama, sai dai tafiyar tasu tana barin ƙauye ba hannun aiki a daidai lokacin da ya kamata a kai taki gona, a gyara rijiya, a yi shinge.

Bayan matsalar kaka, ruwa shi ne ɗawainiya ta biyu, kuma yana cin lokaci fiye da yadda ake lissafawa. A ƙauyuka da yawa rijiya tana da zurfin da sai an ɗaura igiyar guga a jikin sa ko jaki ko raƙumi ya ja, dabbar ta yi nisa kafin gugan ya iso baki, a juye a kwami, a sake komawa, mutane da garken Fulani suna jiran layi a wuri ɗaya. Rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana sun sauƙaƙa wa wasu garuruwa, amma inda ba a kafa kwamiti mai tara kuɗin gyara ba, lalacewar famfo ɗaya tana mayar da gari kan amalanke da jarkoki na wata da watanni. Yarinyar da ta wuni a bakin rijiya ba ta zuwa makaranta, kuma mai naƙudar da ta gagara a gida sai an ratsa rairayi da ita a kan babur ko amalanke kafin a kai kwalta, abin da shirin Haihuwa Lafiya na zamanin Gwamna Sule Lamido ya yi ƙoƙarin magancewa ta hanyar ajiye motoci a ƙauyuka.

Kasuwa da iyaka

Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Nijeriya, inda shanu da raƙuma da dawaki da jakuna da tumaki ke shigowa daga Nijar, a loda su a manyan motoci zuwa kudu. Ga ɗan ƙauye, kara, wato filin cinikin dabbobi, ita ce bankinsa, domin a can yake mayar da rarar kaka ɗan maraƙi ko rago, ya turke shi a gida da harawa da dusa, ya fitar da shi gab da babbar salla. Dillalai da masu kora da masu lodi da masu sayar da abinci duk daga ƙauyukan kewaye suke fitowa, saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka yana isa tukunyar gidajensu a cikin mako guda.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada hakan sau da dama. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, sannan a Nuwamban shekarar aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, matakin da aka ɗauka don 'yan fasa-ƙwauri amma ya faɗa a kan mai injin niƙa da mai babur ɗin haya. Maigatari tana cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a ranar 16 ga Disamban 2020, tare da Seme da Illela da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa a ƙarƙashin takunkumin ƙungiyar ECOWAS har zuwa Maris na 2024, a daidai lokacin da cire tallafin mai ya ninka kuɗin mota, faɗuwar naira a gaban sefa kuma ta sa dabbar Nijar ta yi tsada, hatsin Nijeriya ya yi wa mai sefa araha. Gab da babbar sallar 2025 kuma hukumomin Nijar da kansu suka hana fitar da dabbobi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari da aka yanke da sanin bulama ko dagacin da jama'arsa za su ɗauki nauyinta.

Abin da ake iya hangowa

Manyan shirye-shiryen noma na jihar, irin na alkama da shinkafar rani, suna bin inda ruwa yake ne, wato kwarin Haɗeja, kuma babu aibu a cikin hakan sai dai ba su da abin da za su ba ƙauyen tudu. Yankin ciniki maras haraji da aka kafa a Maigatari a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki ya dace da wurinsa, amma tankaɗe riɗi da tsince zoɓo a gari ba ya ƙara wa manomi ko kwabo muddin ya riga ya rabu da kayansa da kaka. Shi kuwa ba da fili mai faɗi ga masu jari, kamar hekta 12,000 da aka ware wa wani kamfanin sukari a Gagarawa, ya jawo takaddama a kan diyya da ta kai gaban kotu, domin kuɗin diyya yana ƙarewa, gona kuwa ita ce abin da ake bar wa 'ya'ya.

Darasin da ya fi kusa yana tsallaken iyaka. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da na Magarya da Matamaye da Mirya suka koma barin tohon itatuwan da ke fitowa da kansu a gona, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su sassabe sauran, maimakon su ƙone duka a lokacin sharar gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ta wannan hanya a Nijar, kuma itacen da ya fi yawa a Damagaram shi ne gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya takince ƙasa ba tare da ya yi wa gero inuwa ba, ya kuma ba dabbobi 'ya'yansa da rani. Abin da ya sa aikin ya kama shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na jami'in gandun daji ba. Wannan ya fi dashen bishiyoyin da ake yi da biki araha da ɗorewa, kuma shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Jigawa ke cikin jihohi 11 da ya shafa, zai fi amfani idan ya ba shi muhimmanci.

Darasi na biyu daga can shi ne rancen ajiya, wanda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaɗa a Nijar tun daga 1999. Manoma suna haɗa amfaninsu a ɗakin ajiya ɗaya da kaka, a sa masa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiyarsu, ɗaya a hannun mai ba da rance, a ba kowa wani kaso na darajar kayansa ya biya bukatunsa ko ya yi kiwon turke, idan farashi ya tashi da bazara a buɗe a sayar a biya. Buhu mai ruɓi uku da ke hana iska shiga ya riga ya sauƙaƙa ajiyar wake ba tare da magani ba, kuma malaman yankin suna iya tsara rancen a kan ƙa'idar da ba ta da riba. Tsarin yana da haɗarinsa, domin a 2025, bayan gwamnatin tarayyar Nijeriya ta sassauta harajin shigo da hatsi, farashi ya faɗi maimakon ya tashi, waɗanda suka ajiye suka yi asara. Saboda haka bai kamata rancen ya kai cikakkiyar darajar kayan ba, kuma ya fi dacewa ƙungiya ta fara da gero da wake, waɗanda ko farashi ya ƙi tashi iyalan masu su za su ci da bazara, kafin ta shiga riɗi da zoɓo da ake yanke farashinsu a kasuwannin ƙetare.