Bincike Ba Sai An Kai Shekarar Ƙarshe Ba

 

Abin da za mu yi magana a kansa yau shi ne matsayin mai neman digirin farko a sha'anin bincike. Kowa a nan ya san yadda al'adar take. Ɗalibi zai shekara uku a ɗakin lacca, malami na faɗa yana rubutawa, ya haddace, ya mayar wa malami kayansa ranar jarrabawa. Sai a shekarar ƙarshe a ce ya kawo take, ya rubuta kundi mai babi biyar cikin 'yan watanni, alhali kuwa bai taɓa auna kome da hannunsa ba, bai kuma taɓa zama gaban dattijo yana yi masa tambayoyi ba. Wanda aka jefa kogi ranar da ya fara ganin ruwa, duk abin da hannunsa ya kai gare shi kamawa zai yi. Shi ya sa ake samun masu zuwa shagunan kwamfuta su sayi kundin da wani ya rubuta a wata jami'a, a sauya sunan gari da shekara, a ɗaure shi da sabon bango. Ba mu wanke masu yin haka ba, amma lalle laifin bai tsaya a kansu su kaɗai ba.

Ra'ayinmu shi ne, bincike sana'a ce, kuma sana'a a gaban gwani ake koyonta, sannu a hankali. Ɗan maƙeri da zuga yake farawa kafin a ba shi masaba. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya shiga hannun malami mai bincike tun daga shekara ta biyu, ya yi masa ƙananan ayyuka, har hannunsa ya faɗa.

Wannan ba sabon tunani ba ne, an gwada shi a wasu wurare. A shekarar 1957 Edwin Land, wanda ya kafa kamfanin kyamarar Polaroid, ya yi lacca a jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka, inda ya ce bai dace a sa matashi ya yi ta jira kafin a ba shi aikin bincike nasa na kansa ba. A 1969 wata malamar kimiyya mai suna Margaret MacVicar, wadda a lokacin ba ta kai shekara 30 ba, ta mayar da wannan magana aiki. Tsarin nata ba shi da wuya. Malamai su bayyana binciken da suke yi, ɗalibi ya zaɓi wanda ya kwanta masa, su daidaita, sa'an nan a saka masa da maki ko da kuɗi. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗaliban wannan jami'a suna shiga shirin kafin su gama. Jami'ar Caltech ta kafa irin nata a 1979, inda ɗalibi kan yi mako 10 na hutu yana bincike.

Mai ganin ɗalibi ya yi ƙanƙanta da irin wannan aiki, sai ya tuna da Charles Best. A 1921, yana ɗan shekara 22, bai daɗe da rubuta jarrabawarsa ta digirin farko a Jami'ar Toronto ta Kanada ba, aka haɗa shi da likita Frederick Banting don ya riƙa auna yawan sukari a jinin karnukan da ake gwaji da su. Daga wannan aiki aka samo insulin. A watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro mai ciwon sukari allurarsa, ya kuwa rayu. Da Banting ya sami kyautar Nobel a 1923, sai ya raba kuɗinsa biyu ya ba Best rabi.

Mun san abin da za a ce mana: su suna da kuɗi da na'urori, mu kuwa wutar lantarki ma sai an yi sa'a. Gaskiya ne. Amma kuma akwai abin da muke da shi wanda ba ya bukatar na'ura mai tsada. Tashar binciken aikin gona ta Samaru tana nan tun 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma daga can aka fito da irin dawa, da masara, da wake, da gyaɗa, da auduga waɗanda manoma ke shukawa. Kowace damina akwai fegin gwaji da ke bukatar mai ƙirga tsiro da mai auna amfani. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970 a gidan marigayi Sardauna, cike yake da takardu. Haka ma Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. A zaurukan malamai na Kano da Sakkwato da Katsina akwai rubuce-rubucen ajami da gara ke ci, mu kuwa da yawanmu mun iya karanta su tun daga makarantar allo, abin da Baturen da ya zo daga nesa sai ya shekara yana koyo.

Su ma masu ilmin baka ba jiranmu suke yi ba. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Da yawa daga abin da aka adana game da makaɗan Hausa, ɗalibai ne suka bi su da rikoda suka rubuta a kundayensu. Watau ke nan mun riga mun ga abin da ɗalibi zai iya. Wani binciken ma rai yake ceta. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana daka duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ɗebo ƙasar tsakar gida da ruwan rijiya a kai su a auna, aiki ne da ɗalibin kimiyya na shekara ta uku zai iya in an koya masa.

Don haka muna da roƙo huɗu. Na farko, kowane sashe ya liƙa jerin binciken da malamansa ke yi a farkon zangon karatu, tare da yawan ɗaliban da kowane malami zai iya ɗauka. Na biyu, hukumar jami'a ta lissafa wannan aiki cikin darussan da ake ba maki, kuma malamin da ya sami kuɗin bincike daga asusun TETFund ya ware wa ɗalibansa kuɗin mota da na abinci. Na uku, duk ɗalibin da ya yi wahala a sa sunansa a abin da aka buga, kada a mayar da shi ɗan aike. Na huɗu ya shafi ƙungiyarmu: mu keɓe rana ɗaya a shekara ɗalibai su gabatar da abin da suka gano, wannan mujalla kuma ta buga taƙaitaccen bayaninsa.

Ku kuma yayyenmu ma'aikata, a ofisoshinku akwai bayanan ruwan sama, da na asibitoci, da na makarantu, suna shan ƙura a kabad. Akwai kuma tambayoyin da ke damunku ba ku da lokacin bin diddiginsu. Ku kawo mana su, ku kuma buɗe wa ɗalibi ƙofa in ya zo da takardar sashensa.

Mu ma ɗalibai akwai namu nauyin. Kada mu jira sai an kafa kwamiti. Kowannenmu ya nemi malami ɗaya a wannan zango, ya karanta abin da ya rubuta, ya je ya ce: "Malam, ko da wankin kwalabe ne a ba ni." In an ba mu aiki mu riƙe amana, mu rubuta abin da muka gani ko da bai yi mana daɗi ba, domin alƙaluman ƙarya sun fi rashin alƙaluma sharri. Gobe mu ne za mu zauna a kujerun da ake yanke shawara kan rijiya da asibiti da taki, kuma wanda bai koyi tantance magana yana ɗalibi ba, da jita-jita zai yi wa jama'a hukunci.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani.