Kirari da Zambo a Filin Wasa: Yaro Ɗan Wasa a Bakin 'Yan Jarida



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba irin harshen da jaridu da gidajen rediyo da talabijin ke amfani da shi a kan 'yan wasa, musamman waɗanda suka yi suna tun suna yara, sa'an nan a ga abin da harshen ke jawo wa lafiyar hankalinsu. Ga mai nazarin Hausa batun ba baƙo ba ne. A dandalin dambe makaɗi yakan wasa gwaninsa da kirari, ya yi wa abokin karawarsa zambo, kamar yadda aka san Ɗan Anace da Shago. Kusan irin aikin nan ne marubucin labarin wasanni yake yi, sai dai shi duniya duka ke jin kiɗansa, kuma sau da yawa wanda ya yi wa kirari yau, shi zai yi wa zambo gobe.

Laƙabin da ya fi ƙarfin mai shi

Misalin da ya fi fito da wannan al'amari fili shi ne na Nii Lamptey, ɗan ƙwallon ƙasar Gana, wanda aka haifa a 1974. Yana da shekara 14 ya buga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 16 a Sikotland cikin 1989. Pele na Burazil ya yaba masa, har ya nuna shi ne magajinsa. Nan da nan jaridu suka cafe, suka laƙaba masa “sabon Pele”. Marigayi Stephen Keshi, wanda a lokacin yake buga wa ƙungiyar Anderlecht ta Beljiyam, shi ya yi masa hanya zuwa can ta Nijeriya. A 1991 Gana ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Italiya, aka zaɓi Lamptey gwarzon gasar. A 1992 kuma yana cikin waɗanda suka samo wa Gana lambar tagulla a wasannin Olamfik na Basalona.

Wannan shi ne abin da duniya ta karanta. Abin da ba ta karanta ba sai daga baya ya fito, musamman a hirar da jaridar Observer ta Ingila ta buga a 2008. Yaron ya tashi cikin duka da azaba a gida, har akan ƙona jikinsa da wutar taba, yakan kuma kwana a titi don tsoron komawa gida. Ya isa Turai bai iya karatu da rubutu ba, saboda haka ya sa hannu a takardun da bai san abin da suka ƙunsa ba, dillali ya riƙa juya shi yadda ya ga dama. Daga Beljiyam sai Holan, sai Ingila, sai Ajantina, da Turkiyya, da Jamus, har ƙasar Sin. A cikin wannan yawo 'ya'yansa biyu suka rasu suna ƙanana. Daga 1996, yana da shekara 21, bai sake buga wa Gana ba, kuma daga nan labarinsa ya koma na wanda ya kasa cika alkawari.

To, a nan akwai abin lura ta fuskar harshe. Kirarin ɗan dambe yakan ginu ne a kan abin da ya riga ya aikata, watau mazan da ya kayar. Amma laƙabin “sabon wane” bashi ne aka ɗora wa yaro, aka ce ya biya da abin da bai yi ba tukuna. Alkawarin da aka ce Lamptey ya kasa cikawa, manya ne suka ɗauka da sunansa. Da ya dawo gida sai ya kafa makaranta a Akara, wadda ake kira Glow-Lamp, don kada 'ya'yan wasu su tashi cikin duhun da ya tashi.

Sa'ad da 'yan wasa suka buɗe baki

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma ɗan wasa tun yana ƙarami ake horar da shi ya ɓoye abin da ke damunsa, kada a ce rago ne. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin rabin cututtukan da suka shafi hankali suna farawa ne a shekara 14 ko kafin haka, watau daidai lokacin da ake fara buga hoton yaro a jarida.

A 2021 wasu mata biyu suka fasa wannan shiru. Naomi Osaka, 'yar wasan tanis ta Japan, ta ƙi zama gaban 'yan jarida a gasar Faransa, aka ci ta tarar dala 15,000, ta janye, ta kuma bayyana cewa tun 2018 take fama da ciwon damuwa. Bayan wata biyu Simone Biles ta Amurka, gwanar wasan alkafura, ta janye daga wasu wasanni a Olamfik na Tokiyo, domin hankalinta da jikinta sun daina tafiya tare in tana sama, abin da kan iya karya wuyan mutum. Tana ƙarama an kai ta riƙo, kuma tana cikin 'yan matan da likitan ƙungiyarsu, Larry Nassar, ya ci zarafinsu, wanda kotu ta ɗaure a 2018. Duk da haka wasu masu sharhi suka kira ta matsoraciya, ko da yake da yawa sun tsaya mata. Da ta huta ta nemi magani, sai ga ta a Faris cikin 2024 da lambar zinariya 3 da ta azurfa 1.

Kammalawa

Nijeriya ta ci kofin duniya na matasa sau 5, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, don haka maganar ta shafi gida. Tun 2001 hukumar FIFA ta hana cinikin 'yan ƙasa da shekara 18 daga ƙasa zuwa ƙasa, in ban da wasu 'yan sharuɗɗa, amma babu dokar da ta hana a yi wa yaro laƙabi. Wannan ya rage ga mai alƙalami. Ɗalibin da zai shiga aikin jarida ya kamata ya yabi yaro a kan abin da ya yi, ya bar shi da sunan da iyayensa suka raɗa masa, ya kuma tambayi inda yake kwana da ajin da yake a makaranta, kamar yadda yake ƙirga ƙwallayensa. Ma'aikacin hukumar wasanni kuwa ya tabbatar kowane sansanin yara yana da malamin karatu da mai kula da lafiyar hankali, kuma kada yaro ya sa hannu a takarda sai wani amintacce ya karanta masa. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.