Gonakin Gado da Halittun da Muka Kora



Da yawa daga cikinmu da ke zaune a Legas, Abuja da Kaduna muna da gonakin gado a wajen ganuwa, ta wajen Kumbotso, Ungogo ko Gezawa. Abin da muke yi shi ne mu aiko da kuɗi a ɗauko tarakta, a tuge itatuwa domin ta sami hanya, a bi da feshi. Kan wannan za mu ɗan yi tsokaci.

Kakanninmu ba haka suka yi ba. Lokacin da Bature Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da gonaki har cikin ganuwa. A shekarun 1960 kuma masani Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar Kano, inda ake noma gona kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Dalili kuwa, da rani jakuna kan fita ta ƙofofin birni da mangalolin taki da toka, a shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, sannan a bar itatuwa tsaye.

Mu dubi gawo. Yakan kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki. Da rani ya yi kore, awaki su ci 'ya'yansa, tsuntsaye su yi sheƙa. Kuka da ɗorawa kuwa, jemage ne ke yi musu barbara da daddare. Wanda ya kore shi, ya taɓa miyar kuka da daddawa bai sani ba. Shamuwa, mai yi mana albishir da damina, fāra take ci, kuma ba ta taɓa neman lada ba. Shingen gamba da bini-da-zugu a iyakar gona shi ne mafakar bushiya da fakara, ga zana ana samu. Yau wayar ƙarfe da bulo muke sawa.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun share gonakinsu fes, iska ta riƙa binne musu shuka. Tun daga 1983, tare da wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, suka fara abin da suke kira sassabin zamani: idan kututture ya yi toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi a bari, a sassabe saura. An ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 ne suka dawo a Nijar ta wannan hanya, ba tare da dashe ba.

Roƙonmu ga kowane mai gona shi ne, kafin sharar bana ya je da ƙafarsa, ya nuna wa mai kula da ita tohon da za a bari, ya kuma hana sa wuta a gindin itace.