Bayan Kandi Sai Me? Magana Da Ƙannenmu 'Yan SS3

 Shirin yau na ƙannenmu ne 'yan SS3, waɗanda suka fara ƙirga kwanakin kandi da yatsa. In kai ka riga ka wuce wajen, kar ka ce ba ruwanka, ka tura wa ƙaninka ko ƙanwarka, ko ma ka zaunar da su ku bi maganar tare.

Na san abin da ke ranku a wannan lokacin: ankon bikin yaye ɗalibai, hotuna, da farar rigar da abokai za su cika da rubutu. Ba laifi, shekara shida ai ba kwana shida ba ce. Sai dai akwai wasu ƙananan abubuwa da ake yanke su a 'yan watannin nan, mutum bai ɗauke su a bakin komai ba, amma su bi shi har ranar da zai tafi bautar ƙasa. Da su zan fara.

Na farko shi ne sunanka. Eh, sunanka. Mu a nan mutum ɗaya sai ya zama mutum uku a takarda: a NIN Muhammad, a WAEC Mohammed, a takardar firamare Muhd. Ke kuma a wani wajen A'isha, a wani Aishat, a wani an sa sunan kakanki a tsakiya, a wani an cire. Malamin da ya cike muku fom ɗin WAEC yana da ɗalibai ɗari biyu a gabansa, ba zai zauna yana tantance harafi ba. To kwamfuta ba ta san “ai duk ɗaya ne” ba. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da NIN, kuma sunan da ranar haihuwar da ke NIN su take ɗaukowa kai tsaye. In suka saɓa da na WAEC ko NECO, ka jawo wa kanka zaryar kotu neman takardar rantsuwa, da layin ofishin NIMC, da kuɗin gyara. Saboda haka yau ɗin nan, ba gobe ba, ka ɗauko takardar NIN ɗinka ka je wajen malamin jarrabawa, ka ce don Allah Malam a nuna min yadda aka shigar da sunana. Ka duba harafi bayan harafi, ka duba jerin sunayen, ka duba ranar haihuwa. Maganar shekaru ba wasa ba ce: JAMB ta tsayar da 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga manyan makarantu, NYSC kuma ba ta tura wanda ya haura 30 a lokacin da ya kammala, sai dai ta ba shi takardar yafewa.

Sai layin waya. Kafin rajistar JAMB za ka tura kalmar NIN da lambobinka 11 zuwa 55019 ko 66019, a turo maka lambar furofayil. Layin da ka tura da shi ya zama naka da JAMB har ka gama karatu. Ba layin mai kafe ba, ba na saurayin yayarki ba, ba sim ɗin da ka saya don garaɓasar data ka jefar bayan wata guda ba. Haka imel: ka buɗe naka da hannunka, ka rubuta lambar sirrin a littafi ka ba Umma ta ajiye. A zagayen makarantu da muke yi, mun sha haɗuwa da yaran da aka ba su gurbi ba su sani ba, don wanda ya yi musu rajista ya sa imel ɗinsa, ya rufe shago ya bar gari.

Yawwa, mu zo kan darussa. JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole, sauran ukun kwas ɗin da kake nema ne ke zaɓa maka su, ba kai ba. Likitanci: Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Injiniya: Lissafi, Fiziks, Kemistiri. Ka ga bambancin? Wanda ya cire Lissafi ya sa Bayoloji ya rufe wa kansa ƙofar injiniya a wannan shekarar, ko da ya ci 300. Mai son lauya, mafi yawan jami'o'i suna neman Adabin Turanci, kuma makarantunmu da yawa ba su da malaminsa, yaro sai ya je wajen tantancewa yake jin labari. Mai son Tattalin Arziki ko Akanta, Lissafi na nan yana jiransa, duk da wasu don gudun Lissafin ne suka bar ajin kimiyya. Duk wannan a rubuce yake a shafin JAMB, a sashen da ake kira IBASS, kwas bayan kwas, makaranta bayan makaranta, kyauta. Amma sai yaro ya isa cibiyar rajista, layi ya yi tsawo, rana ta yi zafi, mai danna kwamfuta ya ce “wane darasi zan sa maka?”, shi kuma ya waiwaya ya tambayi na bayansa. Wallahi da idona na ga wannan. Ka je da zaɓinka a rubuce a takarda, kuma kar ka tashi daga kujerar sai ka karanta abin da aka buga maka.

WAEC da NECO kuwa, ƙa'idar kiredit biyar ce har da Turanci, da Lissafi a mafi yawan kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu, wasu jami'o'in ma a likitanci zama ɗaya suke so. Kiredit daga A1 ne zuwa C6. D7 ba kiredit ba ne, duk yadda ya yi kusa. Kuma biyar ɗin sai sun dace da kwas ɗinka: kiredit a Hausa da Islamiyat da Noma abu ne mai kyau, amma ba za su tsaya a madadin Fiziks ba.

Na san wani zai ce ai makarantarmu “ana taimakawa”. Ba zan yi dogon wa'azi a kan satar amsa ba. Abin da zan ce kawai: hukumomin nan suna riƙe sakamakon cibiya sukutum in suka yi zargi, har da na wanda bai ji ba bai gani ba. Sannan wanda aka rubuta masa A1 a Kemistiri, ranar JAMB shi kaɗai ne da kwamfuta. A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Tambaya 180 ce a awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, minti goma na farko a rawar hannu suke tafiya. Alhali abin ba wuya: A, B, C, D don zaɓen amsa, N ka yi gaba, P ka dawo baya, S ka miƙa. Ku haɗa kuɗi ku huɗu ko biyar ku kama awa a wata cibiya, ku yi tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanku. In da hali ku yi jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gaske.

To yanzu maganar da ta fi damuna. Ka shiga kowane ajin kimiyya ka ce wa ke son zama likita, hannuwa kamar a ce wa ke son Aljanna. Ina son burin, kuma Arewa na bukatar likitoci, musamman mata. Amma ku san yadda abin yake. Hukumar MDCN ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban likitancin da za ta ɗauka, ba ta isa ta wuce ba, kamar yadda ake ƙayyade na lauya. Makin 150 da aka sanar wa jami'o'i a 2025, da 100 na foli da kwalejojin ilimi, wannan ƙasan tsani ne kawai, izinin shiga layi ne. A likitancin ABU ko BUK ko UDUS, masu neman sun ninka kujerun sau da yawa, ga jarrabawar tantancewa ta jami'ar a gaba. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ce suna baya a boko. Ma'ana, makin da ba zai kai ka ko'ina a wata jami'a mai nisa ba, zai iya ba ka gurbi a wadda jiharka ke cikin yankinta. Wannan lissafi ne da ya kamata ka yi tun kafin ka zaɓi makaranta.

Kuma asibiti ba likita kaɗai ke cikinsa ba. Akwai mai haɗa magunguna, mai gwajin jini, mai ɗaukar hoton ƙashi, mai gashin ƙashi, likitan ido, nas, ungozoma. Kowannensu sana'a ce mai lasisi. Ni a ganina yarinyar da ta shiga makarantar nas da wuri ta fito da lasisinta ta fi wadda ta shekara huɗu tana maimaita JAMB don kawai a kira ta dokta. Wani zai ƙi yarda da ni, ba komai. Shawarata ita ce kafin ka tsayar da kwas, ka nemi mutum biyu da suke aikin, ba masu karanta shi ba, ka tambaye su yadda yininsu yake, shekara nawa suka yi kafin su samu aiki, kuma in da za a mayar da su SS3 ko shi za su sake zaɓa. A unguwarku akwai su, gaisuwa ce kawai da “Yaya, ina da tambaya”.

In sakamako ya fito ka ga makinka bai kai ba, JAMB na ba da damar canza kwas ko makaranta, kar girman kai ya hana ka. Ka tabbata an ɗora sakamakonka na WAEC ko NECO a shafin JAMB, don jami'a ba za ta iya ba ka gurbi ba in babu shi. Tun 2017 duk wani gurbi ta CAPS yake bi, kuma in an ba ka sai ka shiga da kanka ka danna ka karɓa. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai shigar da kai ta bayan gida, “daga baya a gyara”, ka riƙe kuɗinka. Sunan da ba ya cikin kundin JAMB ba ya zuwa NYSC. Haka masu tallan digirin gaggawa a Kwatano. Kun tuna ɗan jarida Umar Audu, wanda a ƙarshen 2023 ya fallasa yadda ya samo digiri a can cikin sati shida? A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, mutane da yawa kuɗin gonar iyayensu ya tafi a banza.

Wanda bai samu jami'a a karon farko ba, ƙofa ba ɗaya ba ce. Akwai IJMB da ke ƙarƙashin ABU, ana yin ta a wurare irin su makarantar share fage ta Funtuwa, in ka ci ka shiga aji biyu kai tsaye. Akwai foli: ND shekara biyu, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, HND shekara biyu. Akwai NCE shekara uku, akwai makarantun kiwon lafiya na jihohi. Da ND ko NCE mai kyau ma ana shiga jami'a a aji biyu.

Sai zaman jira. Daga gama NECO zuwa ranar da za ka shiga lakcar farko, watanni ne masu yawa, wani lokacin shekara. Ko ka shiga ma, tambayi yayyenka: a 2022 yajin aikin ASUU daga Fabrairu ya kai Oktoba, wata takwas cur. Wannan lokacin shi ne ke cinye yaranmu, a majalisa da TikTok da barcin hantsi. Ka kama wani abu da hannunka. Gyaran waya, wanda yake Kano ya san Farm Centre cike take da masu koyarwa. Haɗa sola, da yanzu kowane layi ake nema. Ɗinki, walda, girkin sayarwa, zanen kwamfuta. Akwai shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara a 2023, ana koyar da fasahar zamani kyauta. Ɗalibin da ya shiga jami'a da sana'a, kuɗin hotokofi da na abinci ba sa tsayar da shi, kuma ba ya kiran gida duk ranar Juma'a.

Wannan ya kawo mu kan kuɗi, wanda shi ne ainihin abin da ke tsayar da yawancinmu, ba JAMB ba. Tun 2024 akwai NELFUND, bashin karatu marar ruwa ga ɗaliban makarantun gwamnati. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, in ka nema kuma su riƙa ba ka naira 20,000 a wata. Biya yana farawa shekara biyu bayan bautar ƙasa, kashi 10 na abin da kake samu. Bashi ne fa, ba kyauta ba, ka shiga da sanin haka. Kuma sai ka samu gurbi za ka iya nema, don haka kuɗin fom, na tantancewa, na mota da na katifa suna wuyan gida. Hukumomin tallafin karatu na jihohi ma suna nan, ka riƙa bibiyar ta jiharku.

Shi ya sa nake cewa ku zauna da iyayenku tun yanzu, ba ranar da ake rufe rajista ba. Ka samu lokacin da Baba yake cikin natsuwa, bayan isha'i, ka je da takarda: ga kwas ɗin, ga makarantar, ga shekarun, ga kuɗin da za a nema a wata kaza. Uba manomi in ya san a watan Janairu ko Fabrairu za a nemi kuɗin JAMB, zai ware buhu tun kaka. Ke kuma ƙanwata, na san a gidaje da yawa ana gama kandi maganar aure ke tasowa. Ba zan ce miki ki yi faɗa da kowa ba. Ki nemi wanda Baba ke jin maganarsa, kawu, gwaggo, ko malamar makarantarku, ki kai masa tsarinki a rubuce. In ma auren ne ya zo, a yi maganar karatun a fili gaban waliyyai tun kafin a sa rana, a ambaci makarantar da wanda zai biya, kar a bar shi a “in ta tare a gani”.

Masu tambaya a kan shiga NDA da makarantar 'yan sanda ta Wudil, na ga saƙonninku, tsarinsu daban ne, shi za mu ɗauka a shiri na gaba. Wanda kuma ya duba takardunsa ya ga sunansa ya saɓa, ya rubuto irin saɓanin, ba tare da ya sa lambar NIN ɗinsa a fili ba, za mu faɗa masa ofishin da zai fara zuwa. Sai mun haɗu.